Fatsar kifin bass a Tafkin Guntersville a lokacin da cikin kifin ya cika

Tafkin Guntersville yana arewa maso gabashin jihar Alabama ta Amurka, kuma ya samu ne bayan da hukumar TVA, wadda ke kula da kwarin Kogin Tennessee, ta kammala gina madatsar ruwa a kan kogin a 1939. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 120, faɗin ruwansa kuma kusan eka 68,000, amma galibinsa ba shi da zurfi sosai, abin da ya ba ciyawar ruwa damar mamaye lunguna da bakin rafuka masu yawa. Wannan ciyawa ce ta mayar da tafkin gidan kifin bass mai babban baki, wani kifi mai farautar ƙananan kifaye, har aka gudanar da babbar gasar kamun bass ta Bassmaster Classic a kansa a 1976 da 2014 da kuma 2020. Daga birnin Huntsville, inda nake zaune, tafiyar ba ta cika awa guda a mota ba. Duk da wannan suna da tafkin ya yi, wanda ya je shi a watan Oktoba yana zaton zai cika jirgi cikin sauƙi zai iya yini yana kallon kifi na tsalle a gabansa ba tare da ko ɗaya ya taɓa ƙugiyarsa ba, kuma dalilin hakan shi ne ƙoshi.

Abin da ke ƙosar da bass a wannan lokaci wani ɗan ƙaramin kifi ne mai walƙiya kamar azurfa da ake kira shad. Iri biyu ne a tafkin: akwai wanda ba ya girma sosai, mai ɗan rawaya a wutsiya da baƙin ɗigo a bayan kunne, akwai kuma wanda ke iya wuce santimita 30 idan ya riƙa. Suna yin ƙwai a ƙarshen bazara, don haka idan kaka ta shigo, 'ya'yan wannan shekarar sun kai tsawon ɗan yatsa, suna yawo gungu-gungu, dubbai a wuri guda, suna bin ƙananan halittun ruwa da suke ci zuwa cikin rafukan da ke zuba a tafkin, irin su Town Creek da Browns Creek da North Sauty. Bass yana biye da su duk inda suka nufa. Ba ya buƙatar wahala kafin ya samu abinci, domin buɗe baki kawai zai yi ya zuƙe ruwa tare da abin da ke cikinsa, kuma wannan ne ya sa koton roba da mai fatsa ya jefa ya zama ɗaya daga cikin dubban abubuwa masu kama da juna, alhali sauran duk na gaske ne.

Wanda ya sa ni a wannan hanya wani dattijo ne mutumin Yawuri da ya daɗe yana aiki a Huntsville, wanda nake kira Kawu saboda girmamawa. Ya taso a gefen Tafkin Kainji yana ganin yadda giwan ruwa ke bin ayarin warangi, kuma ya ce da ya fara fita Guntersville bai ga baƙon abu a halin bass ba, domin duk kifin da ke farautar ƙananan kifaye yana da lokacin da yake ci da lokacin da yake kwanciya ya narkar da abin da ya ci. Kafin mu fita ya sa na sabunta lasisin kamun kifi, saboda a Alabama lasisin shekara yana ƙarewa ne a ranar 31 ga Agusta ko da yaushe aka saye shi, kuma doka ta wajabta shi ga mazaunin jihar da ya kai shekara 16 bai kai 65 ba. Ya kuma nanata mini cewa a wannan tafki ba a tafiya gida da bass mai babban baki sai ya kai inci 15, wato kimanin santimita 38. Muna yin sallar Asuba mu kama hanya, mu sauke jirgi gari na wayewa, kowa da rigar kariya daga nutsewa a jikinsa, kuma idan hazo ya rufe ruwan, kamar yadda yakan yi da safiyar kaka, mukan jira ya ɗaga kafin mu tayar da babban inji.

Matakin farko na aikin ba jifa ba ne, neman shad ne. Mukan shiga bakin rafi a hankali muna duban abubuwa uku: tsuntsayen ruwa da ke shawagi suna faɗawa wuri guda, zalɓe da ya tsaya cik a gefen ciyawa, da kuma ɗan motsin da shad ke yi a saman ruwa mai kama da yayyafi. Bayan haka sai mu koma ga na'urar hangen ƙarƙashin ruwa, wadda ke nuna gungun shad tamkar gajimare a jikin allonta. A nan ne na koyi abin da nake ganin ya fi kowane koto muhimmanci. Idan gajimaren ya bazu ya yi laushi, yana tafiya a natse a tsakiyar ruwa, alama ce cewa babu mai damunsa, ko da kuwa ana ganin manyan kifaye a kwance a ƙasansa. Idan ya dunƙule ya yi tauri, ko ya yage gida-gida da ramuka a tsakiyarsa, ko aka ga an matse shi zuwa saman ruwa ko gefen ciyawa, to bass ya tashi cin abinci. Kawu ba ya yarda mu ɓata lokaci a kan gungun da ke cikin kwanciyar hankali. Yakan ce mini, "Ɗana, waɗannan sun ci sun kwanta, mu bar su mu dawo idan ruwa ya motsa."

Motsin ruwa a Guntersville abu ne da ake iya sanin lokacinsa, domin tafkin kogi ne da aka tare tsakanin madatsu biyu, ta Nickajack a sama da ta Guntersville a ƙasa. Idan TVA ta kunna injinan samar da wutar lantarki, ruwa yakan fara gudu a cikin tafkin, kuma hukumar tana wallafa jadawalin sakin ruwan a intanet, don haka tun da dare mukan duba mu san sa'o'in da za a sa rai. Gudun ruwan yana tura shad zuwa wuraren da hanya ta ƙuntata, kamar ƙarƙashin gadoji da gefen duwatsun da aka jibge don tare hanyoyin mota da suka ratsa rafuka, ya kuma hana gungun tafiya yadda yake so. Bass, wanda ɗazu yake rataye a tsakiyar ruwa ba shi da alƙibla, sai ya koma bayan ginshiƙin gada ko wani tudu a ƙasan ruwa ya fuskanci inda ruwan ke fitowa yana jira. Na ga wurin da muka jefa koto da safe babu ko taɓawa ya zama wurin kamu da hantsi, ba don mun canza komai ba sai don ruwa ya fara tafiya. Iska ma tana yin irin wannan aiki: gaɓar da iska ke bugawa ta fi wadda ke kwance lumui, saboda igiyar ruwa tana tara abincin shad a can, tana kuma karya hasken rana yadda kifi ba zai iya ƙare wa koto kallo ba. Ranar da ta fi wuya ita ce wadda ta biyo bayan wucewar sanyi, sama ta yi tas babu gajimare, iska ta kwanta, ruwa ya zama kamar madubi.

Da muka samu wuri da lokaci, sai batun abin da za a jefa. Abin da kowa ke fara yi, kuma littattafan fatsa ke koyarwa, shi ne a zaɓi koto mai girma da launin shad ɗin da ke wurin. Wannan gaskiya ce, amma a ganina rabin gaskiya ce. Daidaita girman yana da amfani ƙwarai, domin bass da ya saba da shad mai tsawon santimita 6 ko 7 yakan ƙi kula babban koto. Sai dai idan koton ya yi kama da shad ta kowace fuska, yana iyo lafiya lau a tsakiyar dubban 'yan uwansa, babu dalilin da zai sa kifin ya zaɓe shi. Abin da ake so shi ne koton ya yi kama da shad a jiki amma ya saɓa masa a hali, ya zama shi ne mai rauni, ko wanda ya ware daga ayari, ko wanda ya firgita ya yi wani motsi ba zato. Mutumin da ya ƙoshi ba zai miƙa hannu ga akushi ba, amma idan aka cillo masa dabino ba shiri zai cafe kafin ya yi tunani, kuma a kan wannan ɗabi'a ta cafka aka gina yawancin dabarun kaka.

Dabarar da na fi daɗewa a kanta ita ce ta wani koto mai tauri, mai siffar shad, wanda aka zuba wa ƙananan ƙarafa a ciki don ya riƙa kacau-kacau idan ana jansa. Ana cilla shi nesa a kan ciyawar da ba ta kai saman ruwa ba, a bar shi ya nitse har ƙugiyoyinsa su ɗan taɓa kan ciyawar, sa'an nan a fizge sanda da ƙarfi ya kuɓuce. A daidai wannan kuɓucewa, ko a ɗan faɗuwar da yake yi bayanta, kifin ke kai masa cafka. Bass yana da wata jijiya a tsawon gefen jikinsa da yake jin girgizar ruwa da ita, don haka yana sane da zuwan koton tun kafin ya gan shi, kuma canjin da ake samu farat ɗaya a cikin girgizar ne ke tayar masa da hankali. Aikin yana gajiyar da hannu, kuma sau da yawa abin da ke dawowa ciyawa ce cunkus a jikin ƙugiya, wadda dole a tsaya a cire kafin a sake jifa, domin koto mai ɗauke da ko ganye ɗaya ba ya girgiza yadda ya kamata. A gefen duwatsu kuma mukan yi amfani da wani koto mai faffaɗan leɓe a gaba, a ja shi da sauri da gangan ya riƙa karo da dutse yana kaucewa gefe, a ɗan dakata bayan kowane karo. Kusan duk kifin da na kama ta wannan hanya ya zo ne bayan karo, ba a lokacin da koton ke tafiya sumul ba.

Wani lokaci bass yakan kori shad zuwa sama, ruwa ya ɓarke da fantsama na ɗan taƙaitaccen lokaci sa'an nan komai ya lafa. Wannan ne ya fi ruɗin baƙo, domin yana ganin kifi da idonsa. Tayar da babban inji a nufi wurin yana tarwatsa su, don haka mukan tsaya nesa, mu matsa da ƙaramin injin lantarki, mu ajiye sanda guda a shirye da koto mai nauyin da zai kai jifa mai nisa. Waɗanda ke fantsama a sama galibi matsakaita ne. Manyan suna ƙasa suna jiran shad ɗin da aka raunata ya gangaro musu, kuma don su ne Kawu yake ajiye wani ƙarfe mai siffar cokali. Yakan jefa shi ya wuce gungun, ya bar shi ya faɗi yana juyi yana walƙiya, ya ɗaga sanda ya sake barinsa, idonsa a kan zare. Ba a cika jin cafkar a hannu ba. Zaren ne kawai zai tsaya kafin lokacin da ya kamata ya kai ƙasa, ko ya yi ɗan tsalle, kuma a nan ake ɗaga sanda. Kifin farko mai nauyi da na kama da cokalin ya kai kimanin kilo biyu, cikinsa ya yi tim, wutsiyar wani shad na leƙowa daga maƙogwaronsa, ya kuma amayar da wasu a gefen jirgi, abin da ya tabbatar mini cewa ba yunwa ce ta kawo shi ba.

Ba za a yi maganar wannan matsala ta ƙoshi a Guntersville ba tare da an ambaci abin da ya faru a watan Oktoban 2011 ba. A wata gasar kamun bass da ƙungiyar FLW ta shirya a tafkin, Paul Elias ya yi nasara da kifaye masu nauyin fam 102 da oza 8 cikin kwana huɗu, wato sama da kilo 46, a daidai lokacin da aka san kifin tafkin da wuyar kamu. Ya yi amfani ne da wani haɗi da ake kira na Alabama, wanda Andy Poss ya ƙera: kai guda ne mai wayoyi biyar da suka bazu kamar ƙarafan lema, kowace waya da ɗan koton roba a bakinta, yadda idan ana ja sai ya zama tamkar ƙaramin ayarin shad da ya ware daga babban gungu. Kifin da ke rataye a tsakiyar ruwa, wanda ya ƙi kula koto guda, sai ga shi yana afka wa biyar. Abin ya girgiza masu gasa har ƙungiyar masu fatsar bass ta B.A.S.S. ta hana amfani da shi a manyan gasanninta tun daga 2012. Ga mai fatsa na kansa halal ne a Alabama, amma wanda ya haura can saman tafkin ya shiga jihar Tennessee sai ya kula, domin dokar can ba ta yarda da fiye da ƙugiya uku a jikinsa ba. Na yi aiki da shi a gefen gadoji, kuma yana kamu, sai dai yana da nauyi, yana buƙatar sanda mai ƙarfi da zare mai kauri, kuma kifin tafkin ya ga irinsa da yawa tun daga wancan lokaci, don haka ba ya yin abin al'ajabin da ya yi a shekararsa ta farko. Ni dai ban fiya sonsa ba, saboda yakan soki kifi a gefen jiki ko a ido da ƙugiyoyin da bai cafka ba.

Idan rana ta take, shad ya nitse, kuma babu gudun ruwa, mukan bar gungun gaba ɗaya mu koma ciyawa. A ƙarshen zafi da farkon kaka ciyawar haidirila da 'yar uwarta milfoyil suna kaiwa saman ruwa su kwanta su yi shimfiɗa mai kauri, wadda ke yin rawaya-rawaya da kumfa a sama idan ta fara ruɓewa, alhali ƙarƙashinta akwai sarari da inuwa. Bass ɗin da ke zaune a nan ba ya cikin masu bin shad. Abincinsa ƙananan kifayen ciyawa ne da ƙaguwar ruwa mai kama da jatan lande, kuma bai cika ƙoshi irin na 'yan uwansa na fili ba. Alamar shimfiɗa mai rai ita ce a ji ƙananan kifaye suna tsotsar ƙwari daga ƙasa da ɗan sauti tas-tas, a kuma ga ramukan da bass ya fasa a baya. Ana jan kwaɗon roba a kanta, mai ƙugiyoyi biyu da suka kwanta a bayansa don kada su kama ciyawa, da tufkakken zare mai ƙarfin fam 50 zuwa 65, domin zare na yau da kullum ba zai fito da kifi daga cikin wannan cunkoso ba. Idan kifin ya fasa shimfiɗar ya kai hari, ƙa'ida ita ce a dakata har sai an ji nauyinsa a sanda kafin a soka, saboda sau da yawa harin farko bugu ne kawai don ya huda ciyawar. Inda kwaɗo bai yi aiki ba, sai a ɗaura dalma mai nauyin giram 28 zuwa 42 a gaban ɗan koto mai laushi, a saka shi ya huda shimfiɗar ya faɗa da sauri a gaban kifin, a ɗaga sau ɗaya ko biyu, a ciro a saka a wani wurin.

Akwai kuma ranakun da duk wannan hayaniya ba ta haifar da komai, musamman bayan wucewar sanyi. A irin su ne muke komawa ga akasin dabarar cafka, wato a ba kifin loma ƙarama wadda ba za ta sa shi motsi ba. Mukan ɗaura siririn zare garai-garai mai ƙarfin fam 6 zuwa 8, da 'yar tanar roba da ba ta wuce ɗan yatsa ba, dalma a can ƙasa, ƙugiya kuma a sama da ita da kamar taƙi biyu, yadda koton zai tsaya a daidai fuskar kifin da na'ura ta nuna. Ba a jansa, ba a kaɗa shi sosai, ana barinsa ne a wurin ruwa ya riƙa motsa shi. Cafkar takan zo a matsayin ɗan nauyi kawai, kamar an rataya ganye. Wannan hanya tana cin lokaci, kifayenta kuma ba su cika girma ba, amma ita ce ke raba mutum da komawa gida hannu rabbana. Na taɓa tambayar Kawu yadda yake sanin lokacin da zai bar sauri ya koma jinkiri, sai ya ce, "Idan ka ga kifi ya biyo koto har gindin jirgi ya juya, ko ya buge shi da rufaffen baki, to ya gaya maka yana nan amma ba ya so. Kada ka sake ba shi abin da ya ƙi."

Yawancin abin da muke kamawa muna mayarwa ruwa, al'adar da ta kafu a gasannin bass tun 1972 a ƙarƙashin Ray Scott, wanda ya kafa B.A.S.S. a Montgomery ta wannan jiha. Da farko abin ya yi mini nauyi, domin a wurinmu kifin da aka kama na tukunya ne, amma ganin yawan jiragen da ke kan tafkin a kowace Asabar ya sa na fahimci cewa da kowa yana kwashe manyan da tuni sun ƙare. Mukan jiƙa hannu kafin mu taɓa kifi don kada mu goge santsin da ke kare fatarsa, mu riƙe shi ta leɓen ƙasa, mu tallafi cikinsa da ɗaya hannun idan babba ne don kada muƙamuƙinsa ya goce, mu cire ƙugiya mu sake shi ba tare da jinkiri ba. Idan ana son na miya, sai a ɗauki ɗaya ko biyu daga waɗanda suka ɗan haura inci 15, a bar manyan mata masu ƙwai. Kafin mu bar gaɓa kuma mukan tsince ciyawar da ta maƙale a jikin jirgi da tirela, domin ɗan guntun haidirila yana iya tsirowa a wani tafkin idan aka kai shi.

Wannan yanayi na ƙoshi ba ya wuce 'yan makonni. Yayin da Nuwamba ke tafiya ruwa yana ƙara sanyi, ciyawa tana mutuwa tana nitsewa, shad yana fita daga rafuka zuwa zurfi, jikin bass kuma yana rage saurin narkar da abinci tun da zafin jikinsa na bin na ruwa ne. Ƙaramin shad ba ya jure sanyi. Idan ruwa ya sauka zuwa wajen digiri 7 a ma'aunin Salshiyas yakan fara mutuwa, kafin nan kuma ana ganinsa yana iyo a karkace yana tsayawa. Daga lokacin sai mu ajiye kwaɗo da koto mai kacau-kacau na sauri, mu ɗauko wani siririn koto da aka auna nauyinsa yadda ba ya nitsewa ba ya tasowa, a fizge shi sau biyu a bar shi tsaye a tsakiyar ruwa na daƙiƙa biyar, ko goma, ko fiye idan sanyin ya tsananta, a gefen tudun da ke kusa da tsohuwar hanyar kogin.